Bikin Kwalbatin Layinmu

Ƙamshin humra ne ya fara shigowa gidanmu ran nan, tun kafin sallamar mai ita. Ina tsakar gida ina shimfiɗa tabarmi sai na ji ya ratso zaure, ya ture warin kwatar da muka saba shaƙa duk damina. Na ɗaga kai, sai ga Hajiyar ƙarshen layi cikin leshi ruwan goro, riƙe da sabon bokitin roba cike da sabulai.

"Ina amaryar? Au, ke ce da shimfiɗa? Yau ma ba za a bar ki ki huta ba?"

Sai a lokacin na gane abin da na aikata.

Asalin maganar kwalbati ne. Layinmu a Tudun Wada gangare ne, a ƙarshen gangaren kuma akwai kwalbatin da ya rufta ya toshe. Duk ruwan da ya sauka sai ya rasa hanya, ya je ya kwanta a gindin bangon wata dattijuwa da muke kira Mama Nas. Ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, ita ta yanke cibiyar rabin 'ya'yan layin, har da ni. Ran Lahadi takan tattare zani ta tsallake ruwan ta tafi coci, ta dawo tana gaida kowa kamar ba komai. Amma bangon ɗakin kwananta, ginin ƙasa ne, ya tsage har hannu na shiga. Magini ya duba ya ce ba zai kai ruwan Agusta ba.

Ni kuwa lokacin na gama karatun jami'a a harabar Kongo, ina zaune a gida, ba abin da nake yi sai rubuta waƙoƙi a kan gajimare. Na ɗauka alƙalamina zai isa. Na rubuta takardar kira shafi biyu, na kwatanta ruwan da baƙon da ba ya sallama, na kai aka buga, na bi gida-gida na raba. Ranar taron mutum uku suka zo, ɗaya ma aron turmi ya kawo ta. Washegari na sayi ƙosai, aka naɗo mini shi a shafi na biyu.

Gwaggo, yayar babanmu da ke zaune tare da mu, ta yi dariya har da share hawaye.

"'Yar boko, takarda ba ta kiran mace. Sayo alawa da cingam ki raba. Kin taɓa ganin an ajiye wa mace alawar gayya ta ƙi zuwa?"

Na sayo. Kowane gida na shiga na durƙusa na gaida su, na ajiye alawa biyu da cingam ɗaya, na ce, "Gwaggo na gaishe ku, ran Talata da hantsi a gidanmu." A raina kowa ya riga ya karanta takardata, ba sai na maimaita ba. Ga ni kuma da kunya, kaina a sunkuye nake magana. Na ga suna murmushi suna kallon juna, wata ta ce Allah ya sanya alheri. Na dawo gida ina jin daɗi, wai ashe mutane sun damu da kwalbati haka.

Kafin hantsi ya dubi ludayi tsakar gidanmu ta cika. Atamfa, leshi, gyale mai duwatsu, wasu 'yan uwan juna ma har da anko. Matan coci sun zo da nasu ɗaurin ɗankwali mai tsayi. An jibge mini kwanuka da omo da turamen zani. Wata ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa a kunnena.

"Wai ɗan ina ne? Malamin jami'a ne ko?"

"Shiru-shirun nan, ashe ana ciki!"

Na kalli Gwaggo kamar in nutse. Ita ko a jikinta. Ta yafa mayafi ta ce, "Ku taso in nuna muku angon."

Ta ja su har gindin bangon Mama Nas. Suka tsaya suna kallon tsagar. Kowa na wucewa ta wurin kullum, amma ba wadda ta taɓa tsayawa ta duba. Mama Nas ta fito da tsintsiya a hannu, ta ga taron, ta ce, "'Ya'yana, lafiya? Kada ku ɓata kayanku, wurin da caɓi."

Hajiya ta sa yatsunta cikin tsagar, ta zaro su da jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Mama, a nan kike kwana?"

"Na ja gadon tsakiyar ɗaki ai."

Hajiya ta juye sabulan cikin zanina, ta duƙa da leshinta ta kamfato ruwan kwatar a sabon bokitin. "Ina ne ofishin masu gyaran?"

Wata amarya ta ce ita fa izinin biki ta nema wurin maigidanta. Gwaggo ta ce, "To ai bikin ne, kai amarya za mu yi."

Haka muka kama titi, a ƙafa, muna ƙamshi. Masu keke napep na rage gudu suna yi mana fatan alheri. Maigadin ofishin da kansa ya wangale mana ƙofa, yana tambaya ko 'yar wane ce a cikin ma'aikata. Da shugaban wurin ya fito aka turo ni gaba, tunda ni ce mai karatu. Na buɗe takardata, na fara da baƙon da ba ya sallama. Ban kai layi na uku ba Hajiya ta dire bokitin a gabansa.

"Yallaɓai, kwalbati ya toshe, bango zai faɗa wa uwarmu. Ga ɗanɗano mun kawo maka."

Ya toshe hanci, ya ce za a duba. Gwaggo ta ce madalla, za mu jira a duba ɗin. Muka shimfiɗa gyale a inuwar darbejiya, aka buɗe kular wainar da wata ta kawo gudummawa, har masinjoji suka samu. Kafin azahar shugaban ya gaji, ya shiga mota ya bi mu a hankali kamar mai rakiya.

Ran Alhamis ma'aikata suka zo da diga da shebur. Mazan layin, da kunya ta kama, suka tuɓe manyan riguna suka shiga ramin tare da su. Magini ya ɗaure bangon. Ruwan Agusta ya zo ya bi hanyarsa ya wuce.

Ni na sha wahalar mayar da kwanuka gida-gida, kuma har yau akwai masu ce mini amaryar kwalbati. Amma daga nan kowane lungu ya sami mace ɗaya mai raba alawa. Da ita muka taru a kan famfo, da ita muka taru a kan juji. Sai dai yanzu in an ajiye, akan tambaya, "Ta biki ce ko ta ofis?" don a san takalmin da za a sa.

Mama Nas ta ƙara shekaru masu yawa a ɗakin nan. Sai a zaman makokinta 'yarta da ke aure a Kaduna ta gaya mini cewa a waccan Talatar kayan tsohuwar na ɗaure cikin akwatuna, an gama magana mota za ta zo ran Asabar ta ɗauke ta gaba ɗaya. Da yammacin Talatar tsohuwar ta kira ta ce kada a turo motar.