Mastura Mai Wankan Baƙi

Da an sallame asuba, Hajiya Mastura za ta ɗauki jakar sabulu da kafur, ta fita da ƙafa daga Nuzla, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ta nufi asibiti. Shekara goma sha tara ke nan tana wanke matan da suka rasu a can ba dangi, yawancinsu alhazai. Watan jiya ta ajiye aikin, gwiwa ta ƙi.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na tashi na iske wankan gawa don Allah ake yin sa. Da na ji tana karɓar albashi a kai, sai na tafi wurin Malam Na'ibi. Ya ce halal ne. Malam Saleh ya ce lada ya tafi. Na koma wa Na'ibi da maganar Saleh, ya ce, "To, shi ma yana da hujja." Na rasa na kamawa, sai na hana iyalina cin tuwon gidanta. Ta ji labari, ta tare ni a bakin masallaci ta ce, "Ya ammi, baffana, in na bari, kai za ka ciyar da marayuna uku? Halas, shi ke nan, bar ni da Ubangijina."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe in aka kawo mata gawar mutanenmu ba takarda, fuska take dubawa. Ta san zanen Katsinawa, ta san na Zabarmawa, ta san na Barebari. Sai ta roƙi a jinkirta binnewa, ta bi gida-gida tana neman mutanen garin. Ba wanda ya sa ta wannan.

Hajjin bara waccan ƙanwata Bashira ta taso daga gida, ta ɓace tun a tashar jirgin ruwa. Kwana shida ina nema. Ran na bakwai sai ga sallamar Mastura a ƙofar gidan da na hana a ci tuwonta. "Ya ammi, akwai wata Bagobira a wurina, zanenta irin naka. Yalla, yi sauri, bayan azahar za a ɗauke ta a binne." Na je, ta yaye mayafin. Bashira ce, ta wanke ta, ta tsefe mata kai.

Ke ce kika sa na sallaci 'yar uwata, Mastura, na san inda kabarinta yake. Har yau ban warware maganar malaman nan ba. Wanne albashi ya biya, wanne Allah zai biya? Ban sani ba, ba kuma ni ke riƙe da ma'auni ba.

Allah Ya saka miki. 'Yan matan Nuzla, ɗakin wankan nan na asibiti yanzu ba mai iya karanta fuskarmu, wata ta je ta koya tun tana raye. Jiya na aika gidanta da kwano. Ta ciko shi da tuwo, na cinye.