Koci Orrin Vashek, wanda ya zaunar da gwarzonmu a benci

Da safiyar Talata, uku ga watan Disamba, Allah ya karɓi ran Koci Orrin Vashek, mai horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka (wanda ake jefawa da hannu ana kokawa) ta Kwalejin Hafsoshin Soja ta Granite Ridge. Zuciya ce ta tsaya masa yana ɗaura takalmi zai fito fili. Matarsa Lurleen ce ta kira ni, ni da na daɗe ina mataimakinsa, ta ce, "Cordell, maigidanka ya riga mu."

Koci, ka san yaranmu ba irin na sauran jami'o'i ba ne. Su tashi da asuba su yi fareti, su yini a aji, sannan da yamma su zo mana a gajiye su sa hular kwano. Dokar soja ta hana su ƙiba, don haka kullum ƙatti muke karawa da su. Idan wani ya yi ƙorafi, sai ka ce, "Kai, ɗan malalaci, ƙato ma ƙafa biyu gare shi. Kama ɗaya ka gani!" Su yi dariya su koma layi.

Duk bikin Godiya, hutun da Amurkawa ke taruwa da iyali a ƙarshen Nuwamba, yaran da gida ya yi musu nisa a teburinka suke cin talotalo. Lurleen ta yi ta zuba musu kek ɗin kabewa, kai kuma kana zagayawa kana tambayar kowa sakamakon lissafinsa. Wanda ya faɗi jarrabawa, kai ka fi shi rashin barci.

Amma bana ce ta nuna mana ko kai wane ne. Mun daɗe ba mu ga kakar wasa irin wannan ba. Tun Satumba ba wanda ya doke mu, kuma rabin nasarar daga hannun Tavian Broussard ta fito, ɗalibin ajin ƙarshe mai jefa mana ƙwallo, wanda aka riga aka zaɓa ya koyi tuƙin jirgin yaƙi. Wasa ɗaya ya rage, da 'yan sojan ruwa na Port Alder, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna mana dariya.

Mako guda kafin wasan, Tavian ya bugu a ka. Gwajin farko ya nuna ba komai, doka kuma ta yarda ya buga. Sai dai a wurin atisaye ka lura yana runtse ido idan ya fuskanci rana, kuma ya manta wata alamar wasa da ya sani tun shekararsa ta farko. Ranar wasa, a ɗakin sauya kaya, ka ce ba zai shiga ba.

"Yallaɓai, lafiyata ƙalau," in ji shi. "Mahaifiyata tun daga jihar Louisiana ta tuƙo mota don ta kalle ni."

Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Ɗana, aronka aka ba ni. Yadda ta kawo ka haka zan mayar mata."

Muka sha kashi da maki uku. Tsofaffin ɗalibai suka yi maka ihu, jaridu suka ce tsufa ya sa ka tsoro, Tavian kuwa ya wuce ka bai ko ɗaga kai ba. Ba ka kare kanka ba. Abin da kawai ka nace a kai shi ne a kai Tavian babban asibiti a ɗauki hoton kansa.

Ranar Litinin sakamako ya fito. Jini ne ya ɗan taru a cikin kansa, likita ya ce da ya sake buguwa, da wuya ya tashi daga filin nan. Na ce maka mu faɗa wa 'yan jarida. Ka ce a'a, ciwon yaro sirrinsa ne. Da yamma muka je duba shi, ya fara ba ka haƙuri, ka katse shi da cewa, "Bar wannan. Sun ba ka abinci kuwa?"

Washegari ka tafi. Tavian yana samun sauƙi, kuma shi da kansa ya roƙe ni in rubuta wannan, don waɗanda suka yi maka ihu su sani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lurleen, da 'yarku Maren, da jikokinku, da dukan yaran da suka taɓa sa rigarmu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Kai kuma, Koci, Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya karɓe ka da irin tausayin da ka nuna wa 'ya'yan mutane. Amin.

Manjo Cordell Haskew (mai ritaya)