Hannun da Na Riƙe

Ina kan tsani ina gyara fitila a gidan baje kolin da nake aiki, ranar Lahadi da hantsi, wayata ta yi ƙara. Mma Sanatu ce, matar malamina. Ta ce, "Sule, Babanka ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko a hankali na zauna a ƙasa, saƙarsa tana lilo a kaina.

Baba Issahaku masaƙi ne a unguwar Tishigu, kuma a gefensa na koyi saƙar ƙyallen batakari, rigar gargajiya ta maza. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan ya ga raina a ɓace yakan ce, "Tashi ka sha ruwa, zare yana jin fushi." Da idonsa ya fara dusashewa bai bar aiki ba, sai ya koma gani da yatsu. Ya taɓa ce mini baƙin zare ya fi fari ɗumi. Na yi dariya, bai kula ni ba.

Da aka buɗe sabon gidan baje kolin fasaha a Lamashegu, na sami aikin zagayawa da baƙi. Akwai hotunan tsohuwar kasuwa, akwai tukwanen da matan ƙauye suka gina, ranar Asabar kuma 'yan makaranta kan zube a ƙasa suna zane. Amma babban ɗakin na Baba ne. Madam Efua, shugabar gidan, mutuniyar kudu, ita ta sa aka rataye dogayen ƙyallayensa tun daga rufi har ƙasa, ba a ɗinka ko ɗaya ba. Haske yana saukowa ta gilashin sama, iska tana ratsa su, shuɗi ya shige bayan fari ya sake fitowa. Mutum yakan shiga da surutu ya fito shiru. Na ga wani mai tuƙa keke ya tsaya a tsakiyarsu har ya manta fasinja na jiransa a waje.

Ranar buɗewa na ɗauko Baba a babur. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ya ɗaga kai ya ce, "Sule, ina jin motsinsu, amma hazo nake gani." Sai ya miƙa hannu.

Ni kuwa, sabon ma'aikaci mai sabuwar riga, sati guda ana nanata mana cewa ba a taɓa kayan da aka baje. Manyan baƙi suna kallo. Na kama wuyan hannunsa na ce, "Baba, a nan ba a taɓawa." Wallahi har yau ina jin sanyin fatarsa a tafina. Bai yi fushi ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, sun zama manya ke nan." Na yi masa alkawarin zan dawo da shi ranar Litinin, ranar da gidan yake rufe, ya shafa su son ransa. Litinin ta zo na ce na gaji. Ta gaba aka yi ruwa. Shi kuma bai tuna mini ba ko sau ɗaya.

A wurin zaman makoki Madam Efua ta zo da mayafi a kanta, ta durƙusa ta gaida Mma Sanatu. Da muka fito na kasa riƙewa, na faɗa mata abin da na yi. Ta dube ni ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Sule, wa ya ce ka hana shi? Shi ya yi abin, na shi ne. Da ka tambaye ni." Dokar da na tsare ashe ba ta shafe shi ba. Tsorona ne kawai ya hana tsoho ganin aikinsa, kuma ban nemi gafararsa ba.

Na koma ciki na faɗa wa Mma Sanatu. Ta ce, "Ya ba ni labari. Cewa ya yi ka iya aikinka." Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Issahaku, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka buɗe idonsa a Aljanna. Ka ba Mma Sanatu da 'ya'yansa haƙuri, Ka rufa musu asiri. Ni kuma Ka yafe mini abin da shi ya riga ya yafe. Amin.