Yadin da Baba Ya Biya Haraji da Shi

Shekarar da gwamnatin jiha ta soke haraji da jangali, kowa a ƙauyenmu murna yake, ban da mahaifina. A wurinsa, ranar da dagaci ya sa mutum cikin masu biyan haraji, ranar ya zama namiji. Tun yana saurayi yake biya, ba a taɓa shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Da aka ce an yafe, sai ya ɗauka cire shi aka yi daga cikin mutane.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, ina haya a Panshekara. Sai yanar ido ta soma rufe wa Baba gani, har ya kai sai da lalube yake tsinkar audugar gonarsa. Na je na taho da shi don a yi masa aiki a asibitin gwamnati. Muna sauka gida ya kafe.

"Ba na cin abin da ban zuba ba," in ji shi. "Tun da suka daina karɓa ban ba hukuma ko sisi ba. Da wane ido zan je in kwanta a gadonta?"

Na ce, "Baba, ai ni duk wata ana cire mini haraji a albashi tun kafin ya zo hannuna."

"Naka ne. Idonka za a gyara?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, kuma a wurinsa na gado. Na fita tsakar gida ina huci. Tsoro ne ya cika ni, don wani likita ya ce mini in aka daɗe idon zai iya tafiya gaba ɗaya.

Da dabara ta ƙare mini, sai na goya shi a keke zuwa bakin masaƙa da la'asar, lokacin lodi. Akwai wani jami'in kwastan da aka ajiye a kamfaninmu, Kirista ne daga Filato, ba dilar yadin da ke fita sai ya duba ta. Na same shi wajen mai shinkafa da wake, na roƙe shi ya yi wa tsohon bayani. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kama bakin rigarsa.

"Baba, wannan yadin saye kuka yi?"

"Da sata na yi?"

"To kun biya haraji. Duk yadin da ya fita ƙofar nan akwai rabon gwamnati a cikin kuɗinsa. Haka sabulu, haka takalmin roba da ake yi a Bompai. Kamfani ya ba mu, ku kuma ku mayar wa kamfani a kasuwa."

Baba ya saurari rurin manyan motoci da suka yi layi. Ya tambayi inda ake kai kuɗin. Jami'in ya ce Ikko, a haɗa da na man fetur da na tashar jiragen ruwa, a raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi.

"Abin da ya je Ikko yana dawowa?"

"Wani ya dawo, Baba, wani ya ɓace a hanya."

Tsohon ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon. "Na dagaci ma haka yake," ya ce. A hanyar komawa ya ba ni labarin yadda a ƙuruciyarsa jakuna ke ɗauko harajin ƙasarmu gaba ɗaya zuwa birni. Ga shi yau motoci ne, nan da Challawa da Bompai, kullum. Ya ce ashe harajin bai mutu ba, girma ya yi har ya daina zuwa ƙofar gida da kansa.

Na ɗauka an gama. Washegari ya ce sai an fara kai shi kasuwa, don rigar jikinsa ta tsufa, harajinta ya ƙare. Ya ce a ba shi yadin masaƙarmu, ya shafa wannan ya shafa wancan, ya zaɓa da hannu. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce in yi shiru. Na sa hannu a aljihu, ya buge hannun. Da kuɗin audugarsa ya biya, ko tayi bai yi ba. Daga nan muka wuce asibiti, yadin yana hammatarsa.

Ranar da aka kwance masa bandeji ina tsaye a kansa. Ya ƙyafta, ya dube ni, ya dubi tagar ɗakin, sannan ya jawo yadin daga ƙarƙashin matashi. Ruwan ɗorawa ne mai kashe ido, irin wanda ko ango ba zai sa ba.

Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana. Ya ce, "Kai, kana kallo ka bar ni na sayi wannan?"

Na fashe da kuka. Ya sa aka ɗinka masa babbar riga, kuma da ita yake zuwa Juma'a har ya bar duniya.