Mushe Barmo da Hannun Baraka

Barmo ɗan Dogarawa ne, kuma shi kaɗai ne a gidansu ya yi lakwal, wato karatun boko, har jami'ar Yamai. Ya dawo a 1985 da tabarau, da tari, da wata tambaya da ta hana shi ƙiba. Aka ba shi koyar da kimiyyar fizik a Birnin Konni, yara suna ce masa Mushe Barmo, wato Malam Barmo da Faransanci.

Tambayar kuwa a kan dama da hagu take. A Yamai ya karanta cewa ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su ba su ɗauki dama da hagu ɗaya ba. Akwai ma wadda duk sanda aka gan ta hagu take juyawa. Wasu masana sun ce tana da 'yar'uwa ta dama, nauyi ne ya ɓoye ta. Wasu sun ce da farko komai daidai yake, da duniya ta huce sai ta karkata, kamar taɓarya da aka tsayar, dole ta faɗi gefe guda. Babu wannan a manhaja, amma kowace shekara sai ya cinye wa yara mako a kansa. Su dai jarrabawa ce ta dame su.

Sai Allah ya ba shi 'ya bahaguwa, Baraka. Da hagu take ci, da hagu take zana kaji a ƙasa, kuma kajin nata har kamar za su yi cara. Barmo ya yi murna ƙwarai. Mahaifiyarsa Shatu kuwa ta ce a ba ta yarinyar ta gyara ta, don ba mai cin tuwon mace mai tuƙi da hagu. Shekara da shekaru yana cewa a'a, har da buga ƙirji.

Bakinsa ya mutu ne ranar da surukinsa, Alhaji Mati, ya zo gidan da abokansa. Baraka ta durƙusa ta miƙa masa ruwa da hagu. Tsohon bai karɓa ba, bai kuma kalle ta ba. Sai ya kalli Barmo.

"Wagga ita ta tarbiyyar boko?" in ji shi.

Kunya ta kama Barmo har gumi.  Da aka yi hutun damina, da kansa ya sa Baraka a mota zuwa Dogarawa, wurin Shatu.

Shatu ba muguwa ba ce. Abin da ta ga ana yi tun tana ƙarama shi ta yi: ta ɗaure hannun hagun a ƙugun yarinyar da igiyar kaba. Baraka ta riƙa kwancewa, ita kuma ta riƙa ƙara tamkewa. Hannu ya kumbura, aka shafa man shanu. Kafin a kai ta likita, yatsu biyu sun mutu.

Barmo ya koyar har 1999, amma tun daga nan ya bi manhaja layi-layi, tarin nan kuma shi ya yi ajalinsa. Matarsa ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin hawayensa, ranar da ya je ɗauko yarinyar. Baraka ta fito da ƙoƙon ruwa a hannun dama, yana rawa yana zuba, ta durƙusa ta miƙa masa.

"Baba," ta ce, "yanzu na gyaru?"