Manhajar da Ke Mutuwa Shiru a Samaru

Har gobe ba na manta wata Laraba ta farkon damina, ranar da ni da ogana muka yi ta tsalle a ɗakin ajiyar iri a Samaru, saboda kwamfuta ta rubuta mana cewa aikinmu ya lalace.

A lokacin ina ƙaramar injiniya, shekarata ɗaya da gama bautar ƙasa. Ku da kuka zo kwanan nan ba ku san tsohon ofishinmu ba: ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan wuta a Sabon Gari. Wanda ke sama da ni shi ne Oga Istifanus, babban injiniya, mazaunin Muchia, mutum mai ƙiba da saurin dariya. Ƙa'idar ofis ita ce duk abin da na rubuta sai ya duba kafin ya fita.

Aikin na wani dattijo ne, Malam Hudu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya buɗe wurin tace irin masara da waken suya. Yana da wata tsohuwar kwamfuta haɗe da sikeli da injin buga takarda. A ɗora buhu, ta auna, ta buga 'yar takarda mai sunan iri da nauyinsa, a liƙa. Tsohuwar manhajarsa ba ta san sababbin irin da ya kawo ba, shi ne ya nemi mu rubuta masa wata. Sai dai yana da sharaɗi. Shekarun baya wani mai gyara ya taɓa shiga cikin kwamfutar, ta yi sati biyu ba ta aiki, tun daga nan ya hana kowa canza mata komai.

"Fayil ɗaya za ki kawo a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, 'yata," in ji shi. "In ya yi, madalla. In bai yi ba, ki koma da abinki."

Yawancin manhajoji ba sa tafiya da duk kayan aikinsu. In sun tashi, sai su ari wasu a cikin kwamfutar da suka sauka. Amma akwai hanyar da ake dunƙule komai a fayil ɗaya, babu aro. Mu a ofis "static" muke ce mata. Ni na kawo shawarar, kuma na cika baki ƙwarai. Na ce ko a tukunyar tuwo aka sa wannan manhaja za ta tashi.

Ran Litinin na hau keke napep zuwa Samaru da filas a jaka, ina ta fara'a, don mun gwada a kwamfutoci uku a ofis lafiya lau. Na sa, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Na buɗe ta ta baƙin allo, inda ake rubuta umarni da hannu, sai layi ɗaya ya fito, shi ma ba namu ba ne, na kwamfutar ne, ma'anarsa kawai "ta faɗi". Babu dalili. Alhali na cika manhajar da saƙonnin kuskure, kowace kusurwa da nata. Ko "Barka da zuwa" da na sa a layin farko bai bayyana ba.

Malam Hudu bai yi faɗa ba. Ya nuna mini buhuna jibge har rufi, ya ce ran Alhamis manoma za su zo daga ƙauyukan Giwa su ɗauki iri, ga shi an yi ruwa sau biyu, ƙasa ta jiƙu. Buhu ba ya fita sai da takarda. In da hannu za a rubuta, sai mutane su jira kwana uku, kuma kowa ya san abin da kwana uku ke nufi a lokacin shuka.

Na koma Sabon Gari. Ran Talata da safe na kwashe komai na gaya wa Oga Istifanus. Ya tura kujerarsa baya ya ce, "Ƙanwata, wa ya ce miki layinki na farko shi ne farkon manhaja?"

Nan ya koya mini abin da na wuce a makaranta ban kula ba. Kafin manhaja ta iso ga abin da muka rubuta, akwai wani ɗan shiri da kayan aikin da muka dunƙule suke yi. Abu na farko a shirin shi ne roƙon ɗan wuri a memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda manhaja za ta riƙa ajiye bayanan kanta. Muka buɗe rubutun wannan shiri muna bi layi-layi. Muka ga an tanadi cewa in wani abu ya gagara, a kira wani sashe mai kai rahoto ya rubuta dalili a allo. Muka shiga cikin mai kai rahoton. Abin da yake fara yi, kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, shi ne leƙa wancan ɗan wuri na memori, wurin da ba a riga an samu ba.

Oga Istifanus ya kalle ni, na kalle shi. Sai ya fashe da dariya har da dukan tebur, har mai shagon ƙasa ya leƙo ya ga ko lafiya.

"Kin gani? An aiki mutum ya faɗi mutuwa, shi ma ya faɗi a bakin ƙofa!"

Har yanzu ba mu san abin da ke kashe manhajar ba, amma mun gano abin da ke rufe mata baki. Na zauna na rubuta sabon mai kai rahoto wanda ba ya jingina da komai. Ba ya neman memori, ba ya ƙawata rubutu, miƙa kalmomi kawai yake yi kai tsaye ga zuciyar kwamfuta, sannan ya tsai da aiki. Bai kai layi ashirin ba. Muka ƙirga wurare huɗu da shirin zai iya tsayawa, na ba kowanne saƙonsa daban. Don wasa na rubuta su da Hausa, da niyyar in gyara daga baya.

Ran Laraba muka tafi tare. Ruwa ya tare mu a hanya, muka isa a jiƙe, Oga yana rungume da jakar laftof a ƙarƙashin rigarsa. Malam Hudu ya sa tabarau, ya ce shi zai danna da kansa. Ya danna, ya matso da fuska kusa da allo, ya karanta a hankali da murya irin ta mai karanta sanarwa:

"Wayyo! Na roƙi wurin zama a memori, an hana ni."

Na yi ihu. Wallahi ban san lokacin da na yi ba. Oga Istifanus ya ɗaga hannu biyu sama yana juyi a tsakanin buhuna, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

"Ta yi ke nan?" in ji Malam Hudu.

"Ba ta yi ba, Baba! Ta mutu!"

"To murnar ta mece ce?"

"Ta faɗi abin da ya kashe ta!"

Matan da ke tsince iri a waje suka shigo da gudu. Ɗaya daga cikinsu ba ta tambayi komai ba, ta ga ana murna ta rangaɗa guɗa. Malam Hudu ya cire tabarau yana dariya har da hawaye, ya ce shi dai a aikin gona bai taɓa ganin an yi biki don shuka ta bushe ba.

Muka nemi izini mu duba saitin kwamfutar, dubawa kawai. Ashe wancan mai gyara na dā ya sa iyaka a kan hanyar da manhaja ke bi ta roƙi memori, ya matse ta ƙwarai. Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, layi ɗaya ne. A bar ni in goge shi, minti ɗaya."

"Injiniya, ba haka muka yi da ku ba."

Ni kuwa na tuna cewa a rubutun da muka karanta jiya akwai hanya ta biyu ta roƙon memori, wadda iyakar ba ta shafa ba. Na zauna a kan buhun masara, laftof a cinya, na gyara shirin: in an hana ta nan, ta gwada can, in can ma an hana, sannan ta yi magana. Oga ya duba ta saman kafaɗata ya ce, "Haɗa." Na haɗa sabon fayil, na sa a filas, Malam ya danna.

"Barka da zuwa."

Kafin a jawo buhun gwaji, Oga Istifanus ya riga ya haye sikeli da takalmansa. Injin ya yi ƙara, takarda ta fito: waken suya, ga nauyin Oga a ƙasa. Ya liƙa ta a ƙirji, ya ƙi cirewa, haka muka koma Sabon Gari direban keke yana ta satar kallonsa. Ran Alhamis manoma suka ɗauki irinsu a kan lokaci. Da na ce zan mai da saƙonnin Turanci, Malam Hudu ya ce kada in kuskura, wannan ne karo na farko da na'ura ta yi masa magana ya gane.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mun fi gwada hanyar nasara, muna mantawa da hanyar faɗuwa, alhali ita ma rubutu ce da ke iya karyewa. Sashen da zai faɗi matsala bai kamata ya dogara da abin da ke iya lalacewa ba. Na kuma lura masu ba mu aiki suna da haƙuri da mugun labari in an faɗa musu a fili. Rashin bayani ne ke karya musu gwiwa, kamar yadda ya karya tawa ran Litinin ɗin nan.

Don haka in kun kawo mini aiki kuna cewa yana tafiya daidai, zan taya ku murna. Daga nan sai in ce ku kashe shi a gabana, mu ji abin da zai faɗa.