Wuƙata da ragon Nowel na gidan Ishaya

Shekara tara ke nan da Ishaya kafinta ya rasu, kuma bana ce shekarar farko da na ce gara da ba ya nan, kada ya ga abin da ke faruwa a gidansa. Daga baya na janye maganar, amma bari in bi ta a hankali.

Sunana Garba, mahauci a Gaya, ko in ce tsohon mahauci, don 'ya'yana sun karɓe teburin sun bar ni da surutu. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi ba. Karatun manya na shiga da furfura a kaina, mushen, malamin da ya koya mana, ya ce bai taɓa ganin mai riƙe alƙalamin bik kamar zai feɗe akuya ba sai ni. Duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri. Ni Musulmi ne, Ishaya Kirista, dattijo a ikilisiyarsu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

Wuƙa ce ta haɗa mu. Duk shekara idan Nowel ta zo, sallarsu ta haihuwar Annabi Isa, sai Ishaya ya sayi rago, ya leƙo ta kan katanga ya ce, “Kai ɓarawon hanta, zo ka yi aikinka.” In je in juya ragon gabas, in yi bisimilla, in yanka. Dalilinsa a fili yake. Unguwar duk Musulmi ne, har da ƙannensa biyu da gwaggonsa ta garin Bana. Idan shi ya yanka, kwanon da matarsa Saratu za ta aika gidaje za a karɓa da godiya a ajiye bayan ɗaki. Idan ni na yanka, kowa ya ci ya lashe hannu. Mu ma ranar layya cinya guda tasa ce. Maganar hanta kuwa, ban musa ba.

Kada wani ya ɗauka Ishaya mai sakaci ne da addininsa. Shi ya ƙera bencinan majami'arsu, har da na can baya inda suke zaunar da wanda aka sa a horo, kuma bai ji nauyin zaunar da kowa a kansa ba. Mai dukan mata, mai bin matar wani, mai zuwa gun boka, ɗan kasuwar da ke ha'inci a mudu, a kan waɗannan ba ya ciniki. Ƙanen Saratu ma ya sha zaman bencin nan lokacin da ya yi watsi da iyalinsa, ta yi kuka, Ishaya bai motsa ba. Amma akwai wasu abubuwa da ya ware gefe: ko a buga ganga a majami'a, ko mace ta ɗaura kallabi, ko a ci naman layya, ko wa zai yanka rago. Yakan ce waɗannan mutum biyu masu tsoron Allah za su iya saɓawa a kai har su mutu, a binne su kusa da juna. Akwai wani tsoho cikinsu, Baba Toma, mutumin ƙetaren kogi, wanda bai taɓa sa yankana a baki ba. Ishaya bai taɓa yi masa wa'azi a kai ba. Zabo yake yanka masa da hannunsa, a dafa a tukunya dabam, su zauna tabarma ɗaya su ci.

Bayan rasuwarsa Saratu ta ci gaba da kirana, ba wanda ya ce uffan. Amma garin ya sauya. Tun da aka rufe gadar kan iyaka ciniki ya ja baya, zuciyar mutane ta gajarta, kowa na lura da wa ke gaida wa. A cikin haka ɗansu Daniyel ya dawo daga makarantar addini, aka sa shi cikin dattawan ikilisiya. Yaro ne mai gaskiya, ba ya ƙarya, ba ya barin uwarsa da yunwa. Shi ne kuma yake zagawa da faranti a sahun mata ranar da suke raba gurasa da ƙoƙo, abin da suke kira Jibin Ubangiji. Wanda aka tsallake da farantin nan, ba sai an faɗa ba, kowa ya san an same shi da laifi.

Kafin Nowel ɗin bana Daniyel ya kai maganar wuƙata gaban dattawa. Ya ce bai dace ragon sallarsu ya mutu da kalmomin wani addini a kansa ba, kuma duk gidan da ya yi haka a sa shi a horo. Suka rabu biyu. Tsofaffin gidaje masu dangi Musulmi suka ƙi, matasa da wasu baƙi suka goya masa baya. Fasto ya ce abin da littafinsu ya hana ƙarara ba a taɓa shi, wannan kuwa ba ya ciki, kowane gida ya bi zuciyarsa. Daniyel ya ce ya ji, amma shi hannunsa ba zai miƙa ƙoƙo ga wanda ya yi ba, ko wace ce. Kowa ya gane wa yake nufi. Ragon uwarsa na ɗaure a tsakar gida yana cin harawa.

Daniyel ya same ni ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba.

“Baba Garba, in tambaye ka. Idan na yanka rago da sunan Yesu na kawo maka, za ka ci?”

Na yi tari, na gyara hula, na ce malamanmu ma sun saɓa a kan wannan.

“Ba malamai na tambaya ba, Baba. Kai.”

“Ban taɓa ci ba,” in ji ni.

“To don me kullum mu ne masu lanƙwasawa?”

 Har yanzu ina juya tambayar. Ina jin da Ishaya na nan da ya ji daɗinta ma, don yana son mai tambayar da ke cizo. Wataƙila da ya ce shi bai taɓa jin ya lanƙwasa ba, baƙi ya gayyata, ya dafa abin da za su iya ci. Wataƙila kuma da ya yi shiru kamar ni. Abin da na tabbata shi ne ba zai yarda a ɗauki maganar rago a ɗora ta kan bencin da ya ƙera don mazinata da maha'inta ba.

Ni ma ban tsira a nawa ɓangaren ba. Wasu samari a masallacinmu suka tare ni bayan la'asar, suka ce yanka wa Kirista ragon Nowel taya su biki ne. Na ce musu na fara wannan aikin tun iyayensu na yawo ba wando. Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na koma gida ina tunanin in ce ƙugu ya riƙe ni, kowa ya huta.

Saratu ce ta hana. Ta leƙo ta kan katanga, daidai inda mijinta yake leƙowa.

“Malam Garba, gobe da hantsi. Kuma ka wasa wuƙar, bara kamar da cokali ka yi yankan.”

“Maman Daniyel, kin san abin da zai biyo baya ran Lahadi?”

“Na sani. Ni na haife shi.”

Da hantsi na shiga. Daniyel na tsaye bakin ɗaki, hannu a ƙirji, ya gaishe ni. Ba wanda ya zo taya ni, maƙwabta duk sun laɓe suna jiran abin da zai faru. Na kama ragon ni kaɗai, na manta shekaruna. Ya yi wani tsalle ya watsar da ni cikin kwanon dusa, ƙafafuna sama, wuƙa can gefe, ya juyo zai tunkuye ni. Ban ga lokacin da Daniyel ya taso ba. Sai dai na gan shi ya danne ragon da gwiwa, ya haɗe ƙafafun a hannu ɗaya, yadda ubansa yake yi. Muka dubi juna. Zai iya ɗaure shi ya koma inda yake. Bai saki ba, ya dai kau da kai. Na yi bisimilla a hankali, na yanka.

Naman bai ci ba. Saratu ta miƙa masa zabo da wuƙa, ya yanka da kansa, ta dafa masa a ƙaramar tukunya. Kwanoni suka zaga unguwa, suka dawo wayam.

Ran Lahadi ba ni da hurumin shiga, sai na zauna gun mai shayi da ke tsallaken hanya ina kallon ƙofar majami'a. Na san idan ya tsallake uwarsa a gaban jama'a, tsofaffin gidajen za su tashi su fita, kuma ikilisiyar da Ishaya ya yi wa benci ba za ta sake zama ɗaya ba. Shayin ya huce a hannuna. Aka yi waƙa, aka yi shiru mai tsawo, aka sake waƙa. Ba wanda ya fito kafin lokaci.

Da aka tashi Saratu ta tsallako, tana gyara kallabi.

“Ya ba ki?” na ce.

“Ya tsaya a kaina har na fara jin kunyar mutane. Sannan ya miƙo. Saura kaɗan ya zuba mini a zane.”

Daniyel bai sauya ra'ayi ba. Har gobe yana cewa kuskure ne, kuma ya ce zai sake kai maganar gaban dattawa. Samarin masallacinmu ma ba su sauya ba. Ni kuma ban sami amsar tambayarsa ba. Bencinan Ishaya gara ta fara cinsu, wasu an sauya su da kujerun roba, ba su ne za su daɗe ba. Abin da na ga ya rage nasa shi ne ƙaramar tukunyar nan da ke dahuwa kusa da babba, da ɗansa wanda ya tabbata uwarsa ta yi kuskure, ya kuma miƙa mata ƙoƙon.

Allah Ya kai mu baɗi, na gaya wa Saratu ta sayi ƙaramin rago. Ta ce babba za ta saya, tunda yanzu akwai mai riƙe ƙafa.